Bikin furen sakura a garkar Buruklin

In anka tambayi ɗan Nijar abin da ya sani game da ƙasar Japan, ba zai yi dogon tunani ba. Ɗan kasuwa zai ce Toyota da Yamaha da rediyo mai cin pil huɗu. Ma'aikacin gwamnati zai ce shinkafar taimako da rijiyoyi da azuzuwan lakwal da anka gina da kuɗɗinsu. Wanda ya yi aiki a Akuta zai tuna cewa wani kamfanin Japan ya riƙe kashi 25 cikin ɗari na Kominak kafin a rufe ma'adinin cikin watan Maris na 2021. Ƙarfe ke nan da buhu da siminti. Babu mai cewa fure. Amma su mutanen Japan, duk sa'ad da sunka so su nuna wa duniya fuskarsu, wani icce suke gabatarwa mai suna sakura, wanda furensa ba ya wuce mako guda ko biyu bisa reshe. Ban taɓa taka ƙasar Japan ba. A Amurka na ga iccen, kuma abin da na gani ƙarƙashinsa ya shafi ɗiyanmu da ke tasowa can.

Cikin watan Afrilu na 2019 na sauka birnin Niyu Yok, a gidan ɗan ƙanwata wanda ya kusa shekara ashirin yana tuƙin taksi a unguwar Buronkis. Yana da ɗiya mai shekara 14, can anka haife ta, can take lakwal, ba ta taɓa ganin Gulbin Maraɗi ba sai a hoto. Ita ce ta matsa wa ubanta lamba, tun mako biyu kafin ranar, cewa lalle sai an kai ta wani biki da ake kira Sakura Matsuri, a babbar garkar itatuwa ta unguwar Buruklin. Uban bai so ba, don Asabar ranar ciniki ce ga mai taksi. Da na ce ni ma ina so in gani, kunyar baƙo ta kama shi, ya aje mota. Ran Asabar 27 ga wata, saura kwana kaɗan a kama azumi, munka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2, munka yi fiye da awa guda ciki, munka fito daidai ƙofar garkar.

Sai in tsaya in bayyana lokacin, don ba mu da irinsa. A ƙarshen Afrilu, sa'ad da mu a nan zafin bazara ke hana barci cikin ɗaki, su can suna fitowa ne daga wata huɗu ko biyar na sanyi mai daskarar da ruwa, wanda ke bar wa itatuwa rassa tsirara kamar sun mutu. To sakura na cikin masu fara farkawa, kuma wasu irinsa fure suke fara fitarwa tun ganye bai tofo ba. Wanda ya taɓa jin ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko bayan dogon rani zai fahimci abin da ke fitar da mutanen birnin nan daga gidajensu su yi dogon layi a bakin ƙofa. Kuɗɗin shiga ba wasa ba ne. Dalarsu ba dalarmu ba ce. Da na lissafa abin da anka biya mani ni kaɗai, ya haura jika 15 na sefa. Ɗan ƙanwata ya biya na mutum uku bai ce uffan ba, amma na ga yadda ya daɗe yana duban rasit.

An kafa garkar cikin 1910, faɗinta eka 52, wato kamar hekta 21 a tsakiyar birni inda kowane taƙi na ƙasa yake da tsadar zinariya. Abin da ya fara ɗaukar hankalina, ni da na tsufa cikin biro, shi ne kusan kowane icce yana da ɗan allo mai ɗauke da sunansa da ƙasar asalinsa, tamkar ma'aikaci da takardar shaidarsa. Itatuwan sakura sun fi 200 a wurin, iri-iri, wasu farare, wasu masu rassa a sunkuye kamar mai gaisuwa. Amma inda jama'a ta fi cunkoso wani dogon fili ne mai ciyawa, da jerin itatuwa fiye da 70 dama da hagu, duka iri guda da ake kira Kanzan. Furensa ruwan hoda ne mai kauri, kowane ɗaya ninki bisa ninki kamar rawanin da anka naɗa da kyau, kuma ya rufe rassa har ba ka ganin sama. In iska ta kaɗa sai ya riƙa zubowa bisa kawunan mutane da kafaɗunsu, yara suna tsalle suna cafkewa. Na ga tsofaffi cikin kujerar guragu an turo su an aje ƙarƙashin icce, ba sa cewa kome, suna kallo kawai.

Ɗan ƙanwata ya dubi itatuwan ya ce: "Kawu, ka ga ikon Allah. Icce da ma'aikatansa, da albashinsu, da mai gadinsa, ga shi ko ɗiya guda ba ya yi a ci." Gaskiyarsa. Kanzan ba a samunsa ta hanyar shuka ƙwaya. Sai an yanko reshe an aura shi bisa gindin wani, kamar yadda masu garkarmu ke yi wa mangwaro. Ba shi kuma da tsawon rai irin na kuka ko tsamiya. Ma'ana, jerin da munka gani ya dawwama ne saboda a kowane zamani an samu wanda ya tumɓuke wanda ya tsufa ya dasa sabo a gurbinsa. Mu da muke auna icce da inuwarsa da ɗiyansa da ganyen miyarsa, abin yakan zo mana banbaraƙwai.

A can ƙasar Japan kallon furen nan al'ada ce da suke kira hanami, kuma har gwamnati na da hannu ciki. Shekarar kasafin kuɗɗi da shekarar lakwal duka cikin Afrilu suke farawa, don haka sabon ma'aikaci da sabon ɗan lakwal ƙarƙashin fure suke shiga rayuwarsu. Hukumar yanayi ta ƙasar tana da icce guda da ta keɓe a birnin Tokiyo. Ma'aikatanta kan je su ƙirga, in fure biyar ko shida sunka buɗe sai a yi shela cewa lokaci ya kama. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na birnin Kiyoto, tsohuwar fadar sarakunansu. Fadawa da malaman ibada sun yi ta rubuta ranar da anka yi walimar fure cikin littattafansu tun shekara ta 812. Wani masani mai suna Yasuyuki Aono ya bi waɗannan rubuce-rubuce ya jera ranakun, sai ga shi sun zama ma'aunin ɗumamar duniya: da can wajen tsakiyar Afrilu furen ke cika, amma cikin 2021 ya cika ran 26 ga Maris, cikin 2023 kuma ran 25. Bafaden da ya rubuta ranar shagalinsa shekara dubu da ta wuce bai san aikin da yake yi wa na baya ba. Ma'aikatanmu da ke barin rajista ga gara da ɓeraye cikin magaza, ga abin dubawa.

Mu koma ga bikin. An kafa dandali a ƙarshen filin, kuma tun daga nesa ƙirjina ya fara amsa ganguna. Taiko ake kiransu, wasu girmansu ya kai tano, ana dukansu da sanduna masu kauri, makaɗa sun buɗe ƙafafu suna ihu tare, hannu na tashi tare yana sauka tare. Duk wanda ya tashi kusa da fada ya san tambari ba ya buƙatar tafinta. Bayansu anka yi wasan takobi, anka yi raye-raye cikin tufafin kimono. A wani ɗaki kuma na zauna kallon yadda suke haɗa shayi: mace guda, a durƙushe, tana goge kwano, tana juya shi, tana kaɗa koren gari da ɗan maburgi na gora, kusan rabin awa saboda kurɓi uku. Mutanen da ke kusa da ni sun ƙosa suna duban agogo. Ni ban ƙosa ba. Wanda ya saba jiran shayi na uku a fada bisa gawayi ya san ba don ƙishirwa ake zaman ba. Na kuma leƙa inda suke aje itatuwan bonsai, manyan itatuwa da anka hana girma cikin ƴan tasoshi, wasu sun haura shekara ɗari ba su kai tsawon kamu biyu ba, sun ga bayan masu ba su ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Amma abin da na fi kallo mutane ne. Cikin dubban da sunka cika garkar, ƴan asalin Japan ƙalilan ne. Har cikin makaɗan taiko akwai baƙar fata da farar fata. Samari da ƴan mata sun yi shiga irin ta jaruman littattafan zane da finafinan zane na Japan, waɗanda ake kira manga da anime: wannan da shuɗin gashi, wancan da takobin kwali ya fi shi tsawo, wata da kunnuwan kyanwa. Jikanyar tawa ta san sunan kowa. Yarinyar da a gida sai an yi da gaske take haɗa jimla biyu da Hausa, wadda in na ce mata "ina kwana" sai ta yi murmushi ta dubi uwarta, ita ce na gani ta tsaya gaban wata tsohuwa ƴar Japan mai sayar da fifitai, ta sunkuyar da kai, ta gaishe ta da harshensu, ta yi godiya da harshensu. Tsohuwar ta yi ta dariya don murna. Babu malamin da ya koya mata. Daga talabijin da intanet ta tsinta, don tana so. Na dubi uban, uban ya dubi ƙasa.

Daga nan munka bi layi zuwa wani sashe da ake kira garkar Japan, mai tudu da tafki. Ga wata ƙofa ja ta katako tsaye cikin ruwa, ga manyan kifaye masu launi da kunkuru suna shan rana bisa duwatsu, ga fitilun dutse, ga hanya mai lanƙwasa da anka tsara ta yadda ba ka ganin wurin gaba ɗaya, sai kowane taki ya buɗe maka wani abu. Can bisa tudu, cikin itatuwa, akwai ɗan ɗakin ibada na addinin Shinto da anka keɓe wa Inari, wanda suke danganta wa albarkar gona. Mutane suna wucewa suna ɗaukar hoto, kuma na tabbata kaɗan ne cikinsu sunka san abin da ya faru a wurin.

Wanda ya tsara sashen nan baƙo ne, Takeo Shiota. An haife shi a Japan cikin 1881, ya zo Amurka cikin 1907 yana saurayi, ya yi aikin cikin 1914 da 1915 da kuɗɗin wani attajirin Buruklin mai suna Alfred White. A lokacin ƙasashen biyu suna ɗasawa. Cikin 1910 kyautar sakura 2000 da birnin Tokiyo ya aika ta isa Washinton. Da ma'aikatan gona sunka duba sunka tarar da ƙwari da cuta, anka ƙone su ƙurmus bisa umurnin shugaba Taft. Ƴan kasuwa sun san zafin a ƙi kayanka a bakin iyaka, balle a cinna masu wuta, balle kuma kyauta ce. Magajin garin Tokiyo, Yukio Ozaki, bai yi fushi ba. Ya sa anka reni wasu da kulawa, cikin 1912 ya sake aiko da 3020, anka dasa su bakin ruwa a babban birnin Amurka.

Zumuncin bai kai shekara talatin ba ya yi tsami. A ƙarshen shekarun 1930, bayan sojan Japan sun afka wa ƙasar Sin, wuta ta cinye ɗakin ibadar nan na Buruklin, kuma an ɗauka cinna ta anka yi. Cikin 1941 anka dasa jerin Kanzan na farko a filin da na ba ku labari. Cikin Disamba na shekarar nan Japan ta kai hari Pearl Harbor. Kwana kaɗan bayan haka wasu sunka bi dare sunka sare sakura huɗu a Washinton. Sunan Japan ya zama abin ƙyama, har garkar Shiota anka daina kiranta da sunan ƙasarsa, anka koma ce mata garkar Gabas. Shi kansa ya rasu cikin 1943, yaƙi bai ƙare ba. Mafi muni, cikin Fabrairu na 1942 shugaba Roosevelt ya sa hannu bisa wata doka da ta sa anka kwashe mutane kamar 120.000 masu asalin Japan daga gidajensu da gonakinsu da kantunansu, anka tsare su cikin sansanoni kewaye da waya. Kamar kashi biyu cikin uku nasu a Amurka anka haife su, da takardunsu na ƴan ƙasa, daidai da jikanyata. Sai cikin 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta biya kowane mai sauran rai dalar Amurka 20.000.

Duk tsawon wannan gaba, masu aikin garka ba su daina yi wa itatuwan aski da ba su taki ba. Mutanen Buruklin sun riga sun ɗauki wurin nasu ne, inda iyayensu sunka kai su suna yara. Cikin 1952, da itatuwan bakin kogin Arakawa na Tokiyo sunka lalace saboda yaƙi, daga Washinton anka yanko rassa anka mayar masu, jikokin kyautar da sunka bayar. Cikin 1960 anka sake gina ɗakin ibadar. Cikin 1982 anka fara bikin da na halarta. Darajar baƙo a ƙasar nan hawa take tana sauka da iskar siyasa, kuma ba sai an je tarihin wasu ba: cikin Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƴaƴansu ƙofa.

Da ƙafafuna sunka gaji munka samu benci munka zauna. Na ja yarinyar da wasan jika da kaka, na ce: "Amarya, ashe kishiya kinka yi mani a Japan ban sani ba? Me nasu ya fi namu?" Ta yi shiru tana neman kalmomi, uban yana cika mata inda ta kasa. Abin da ta ce shi ne: "Kaka, nasu ina ganinsa. Namu ina za ni in gan shi?"

Ba ni da amsa a lokacin, uban ma haka. Kuma ban ga laifinsa ba. Mutum ne mai awa goma sha biyu bisa sitiyari, kwana shida a mako. Da guminsa anka yi wa uwarsa aikin ido, da shi ƙannensa sunka yi karatu, ya kuma gina gida mai bene a Maraɗi wanda bai kwana cikinsa ba sau talatin. Mutanenmu na Buronkis da Halem ba ragwaye ba ne. Suna da masallatai, suna da gidajen abinci inda za ka ci tuwo da miyar kuka kamar kana Sabon Gari, suna da ƙungiyoyi masu tara kuɗɗi don mayar da gawa gida in ta Allah ta kasance. Amma in kun lura, kusan duk abin da sunka tsara na mai shirin komawa ne. Sun riƙe maganar nan ta baƙo raɓa ne, sun zauna da jaka a ɗaure shekara ashirin. Ɗiyan da sunka haifa kuwa ba raɓa ba ne. Can za su zauna, kuma in ba su samu abin gidansu da za su nuna wa abokansu na lakwal da alfahari ba, za su ari na wasu, su kuma riƙe shi da gaskiya.

Wani zai ce Japan ƙasa ce mai arziki, tana da hukuma tun 1972 wadda aikinta ke nan, yaɗa harshe da al'ada a ƙasashen waje, mu kuwa muna fama da hatsin bana. Haka ne. Sai dai Shiota ba hukuma ba ne. Mutum guda ne da ya iya aikin hannunsa, ya samu wanda ya yarda da shi, ya sa abin ƙasarsu cikin ƙasar wasu inda kowa zai iya shiga ya gani. Mu da muke da kokowa da takobinta, da kakaki da algaita, da rinin shuni, da aikin fata da na azurfa, da zanen gidajen Birni na Damagaram, ba kayan nunawa munka rasa ba. Attajiranmu da ke loda kwantena daga can zuwa Kotonu, na tabbata da wuya a samu wanda anka taɓa tunkara da irin wannan magana.

Bikin da na gani na cikin na ƙarshe. Cikin 2020 annobar korona ta sa anka rufe garkar a daidai lokacin fure, itatuwan sunka yi adonsu babu mai kallo, kuma har zuwa 2025 ba a maido Sakura Matsuri da girmansa na da ba, sai ƴan shagulgula ƙanana da ake rarrabawa cikin makonnin furen. Yarinyar ta shiga jami'a, ta ɗauki harshen Japan cikin darussanta. Ba ta fasa zuwa garkar ba. Cikin Afrilu na 2025 ta aiko mani hoto ta wayar ubanta, tana tsaye ƙarƙashin Kanzan da ɗan kwalin atamfa da kakarta ta aika mata. A ƙasan hoton ta rubuta gaisuwa da Hausa, kalma biyar, uku daidai.